Ɗana ya manna hoton Sarkin Habasha a ɗaki, babansa ya rantse sai an aske shi

Assalamu alaikum. Ɗana na fari shekararsa 20, yana aji biyu a jami'a. Tun hutun da ya wuce ya daina aski, ya bar suma tana murɗewa, ya ɗaura wani zare mai ja da rawaya da kore a hannu, ya kuma manna hoton wani sarki mai kambi a bangon ɗakinsa. Da na tambaye shi sai ya ce Sarkin Habasha ne, Haile Selassie, wai ranar da aka naɗa shi ce ranar da baƙar fata ya ɗaga kai a duniya, kuma shi da abokansa za su yi taron tunawa da ita ranar 2 ga Nuwamba. Yana salla, amma ba kamar da ba. Babansa ya rantse in ya dawo da wannan kan zai sa a danne shi a aske, in ya ƙi ya bar masa gida. Maƙwabta sun fara cewa ya zama ɗan Rasta ya bar addini, wasu na cewa wiwi yake sha. Ni ban san komai a kan mutumin nan ba, na rasa ta inda zan ɓullo wa yaron. Ku ba ni shawara.

Wata uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya, ya sanyaya miki rai.

Kafin komai, ki nemi lokacin da hankalin maigida yake kwance, ki roƙe shi ya jingine maganar danne yaron nan. Rantsuwar da ya yi ba ta ɗaure masa hannu ba. Manzon Allah (SAW) ya koyar cewa wanda ya rantse a kan wani abu, daga baya ya ga abin da ya fi shi alheri, to ya aikata wanda ya fi ɗin, ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta wuya, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a wayi gari ɗa ya bar gida ba a san inda yake kwana ba.

Abin da ke cikin wasiƙarki abu uku ne da suka harɗe kamar zare: akwai tarihi, akwai aƙida, akwai kuma zargin shaye-shaye. Maƙwabta sun dunƙule su wuri ɗaya. Ke kada ki yi haka, domin maganin kowanne daban yake, kuma yana yiwuwa ɗaya kaɗai ne a tare da yaron. Ba kuwa za ki iya warware su ba sai kin san labarin da ya shiga ransa, har ya zamana kin san wani abu a ciki da shi bai sani ba.

Sunan mutumin na yanka Tafari Makonnen. An haife shi a 1892 kusa da birnin Harar, inda mahaifinsa, Ras Makonnen, yake gwamna. Ras sarauta ce ta manyan hakimai a Habasha, kuma daga Ras Tafari ne 'yan Rasta suka samo sunansu. A 1916 aka tuɓe mai mulkin ƙasar na lokacin, Lij Iyasu, jikan Sarki Menelik, cikin laifuffukan da aka ɗora masa har da kusantar Musulunci. Aka ɗora 'yar Menelik, Zewditu, a kan gado, Tafari ya zama mai riƙon mulki kuma magaji. Shi ya shigar da Habasha majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani a 1923. Da Zewditu ta rasu a watan Afrilu na 1930 sai mulki ya dawo hannunsa gaba ɗaya, amma bai yi gaggawar bikin naɗi ba. Ya bari damina ta wuce, aka share wata bakwai ana gyaran titunan Addis Ababa ana aika goron gayyata ƙasashen waje. Ranar Lahadi 2 ga Nuwamba 1930, a cocin Giyorgis, babban limamin cocin ƙasar ya shafe shi da mai, aka miƙa masa takobi da sandar mulki da zobe da masu, aka aza masa kambi. A wannan rana aka naɗa matarsa Menen tare da shi. Ya ɗauki sunan da aka raɗa masa a coci, Haile Selassie, aka kuma yi masa kirarin gidan sarautar: Sarkin Sarakuna, Zakin Ƙabilar Yahuza mai nasara, Zaɓaɓɓen Allah. Gidan yana danganta kansa da Annabi Sulaiman da sarauniyar Saba, wadda mu muke kira Bilkisu, su kuma Makeda.

Jinkirin nan na wata bakwai siyasa ce. A lokacin, Turawa sun yi wa Habasha zobe: Italiya tana Eritiriya da kudancin Somaliya, Faransa tana Jibuti, Ingila tana Sudan da Kenya da arewacin Somaliya. Tun 1906 ƙasashen nan uku suka zauna suka shata wa kansu inda kowa zai ci moriya a Habasha, ba tare da shawarar masu ƙasa ba. To su ɗin ne Tafari ya gayyato su zo su zauna a layin baƙi su shaida. Sarkin Ingila George na Biyar ya aiko ɗansa na cikinsa, Yariman Gloucester. Italiya ta aiko yarima daga gidan sarautarta, Faransa ta aiko babban hafsan soja, Amurka da Japan da Masar duk sun turo wakilai. 'Yan jarida suka ɗauki hotuna, mujallun Amurka suka buga, aka nuna majigin bikin a gidajen silima a ƙasashe da dama.

Ki auna wannan da halin da muke ciki a nan gida a 1930. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Ingila tun 1903, an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a wannan shekarar. Sarakunanmu suna kan gado, amma takardar naɗi daga hannun Gwamna take fitowa, Razdan kuma yana gefe, in ya ga dama ya sa a tuɓe. A Damagaram da sauran ƙasar Nijar Faransa ce ke naɗawa tana saukewa. Duk faɗin Afirka, in ka cire Laberiya, Habasha kaɗai ce baƙar fata ke mulkin kansa da kansa. Kuma ba kyauta aka yi mata ba. Ranar 1 ga Maris 1896, a Adwa, rundunar Menelik ta murƙushe sojan Italiya, mahaifin Tafari yana cikin manyan jagororin yaƙin, dole Italiya ta sa hannu ta amince da 'yancin ƙasar. Saboda haka in ɗanki ya ce miki wannan naɗi ya sa baƙar fata ya ɗaga kai, bai yi ƙarya ba, kuma ba sai mutum ya zama ɗan Rasta zai faɗi haka ba. Malaman tarihi Musulmi da Kirista suna faɗa a aji.

Inda labarin ya rikiɗe ya zama addini shi ne Jamaika, wani tsibiri a yankin Karibiyan, dubban kilomitoci daga Habasha. Mutanen can jikokin bayi ne da aka kwasa daga yammacin Afirka. An soke bauta a 1838, amma ƙasar noma da mulki suka ci gaba da zama a hannun Turawa. Yaro a makaranta hoton Sarkin Ingila yake gani a bango, a coci kuma hoton Annabi Isa (AS) a siffar Bature. Littafin da talakan Jamaika ya fi sani shi ne Baibul, a cikinsa kuwa sunan Habasha ya zo sau da yawa, har baƙar fata na can suka ɗauki kalmar a matsayin sunan Afirka duka. Zabura 68:31 tana cewa sarakuna za su fito daga Masar, Habasha za ta miƙa hannuwanta ga Allah. Wahayin Yahaya 5:5 ya ambaci Zakin Ƙabilar Yahuza, 19:16 kuma Sarkin Sarakuna. Sai ga jarida ta zo da hoton baƙin mutum sanye da kambi, ana yi masa wannan kirari daidai wa daida, ga ɗan Sarkin Ingila cikin masu kawo gaisuwa. Ki tuna kuma lokacin ne tattalin arzikin duniya ya karye, 'yan ci-rani suna dawowa gida daga Amurka da Kuba da Panama hannu rabbana.

Wanda ya share fagen shi ne Marcus Garvey, ɗan Jamaika da ya kafa ƙungiyar ci gaban baƙar fata ta UNIA a 1914, ya tara mabiya a Amurka da Karibiyan da Afirka a kan cewa Afirka ta 'yan Afirka ce. Ɗanki zai iya gaya miki wai Garvey ya yi annabci cewa a dubi Afirka, za a naɗa baƙin sarki, shi ne mai ceto. Maganar ta shahara a bakin 'yan Rasta, amma masu bincike ba su same ta a rubuce-rubucensa ba. Abin da aka tabbatar shi ne kwanaki kaɗan bayan naɗin ya rubuta sharhi a jaridarsa yana murna, ya kawo ayar Zabura ɗin nan. Garvey bai taɓa zama ɗan Rasta ba. Waɗanda suka fara wa'azin cewa sarkin nan Allah ne a jikin mutum su ne Leonard Howell da Joseph Hibbert da Archibald Dunkley da Robert Hinds, daga wajen 1933. Howell ya riƙa sayar da hoton sarkin sule ɗaya, yana gaya wa talakawa cewa sarkinsu Ras Tafari ne, ba George na Biyar ba. A 1934 gwamnatin mulkin mallaka ta gurfanar da shi da laifin tunzura jama'a, aka ɗaure shi shekara biyu. Tun daga tushe ke nan, abin bore ne na wanda aka danne, ya sa rigar addini.

Da Italiya ta sake afka wa Habasha ranar 3 ga Oktoba 1935, da jiragen sama da iskar guba, baƙar fata ko'ina ya ji abin a jikinsa. An yi tarurruka an tara gudummawa a Legas da Accra, a unguwar Harlem ta New York dubban matasa sun nemi a rubuta sunansu su tafi yaƙi gwamnatin Amurka ta hana. Kwame Nkrumah ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa yana Landan a kan hanyarsa ta zuwa karatu Amurka ya ga kanun labarin, ya ji kamar duk birnin shi ya ɗaura wa yaƙi. Sarkin ya tsaya a gaban majalisar ƙasashe a Geneva ranar 30 ga Yuni 1936 ya kai ƙara, suka saurara, ba su yi abin a zo a gani ba. Ya yi gudun hijira a Ingila, ya koma Addis Ababa ranar 5 ga Mayu 1941. A nan akwai abin da ya kamata ɗanki ya sani don ya shafe shi kai tsaye: rundunar Nijeriya ta 23 tana cikin waɗanda suka kori Italiya. Su suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka nausa arewa har Harar, mahaifar sarkin, a watan Maris. Da yawansu 'yan arewa ne, Hausa ce ma harshen bariki a lokacin. Ba abin mamaki ba ne a samu wani daga cikin kakanninsa a wannan tafiya, kuma tambayar dattawan dangi a kan haka aiki ne mai kyau da za a iya ba shi.

Launukan da ke hannunsa na tutar Habasha ne. Gana ta ɗauke su da ta samu 'yanci a 1957, Gini da Mali da Senegal da Kamaru duk suna da su, don haka zaren kaɗai ba ya nuna addinin kowa. A Addis Ababa aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ranar 25 ga Mayu 1963 da ƙasashe 32, bayan sarkin ya yi ta faɗi-tashi ya haɗa ɓangarori biyu na ƙasashen Afirka da ba sa ga maciji, waɗanda ake kira na Casablanca da na Monrovia. Sir Abubakar Tafawa Balewa da Diori Hamani suna cikin waɗanda suka sa hannu. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya ma sarkin ne ya shugabanci kwamitin sulhu na ƙungiyar, aka zauna a Yamai da Addis Ababa a 1968.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci gare ki. Haile Selassie bai taɓa zama ɗan Rasta ba, bai kuma kafa addinin ba. Kirista ne ɗan cocin Orthodox na Habasha har ya mutu. Ranar 21 ga Afrilu 1966 ya ziyarci Jamaika, dubun-dubatar mutane suka keta shingen 'yan sanda suka kewaye jirgin da ganguna da tutoci, har ya kasa saukowa, sai da aka kira wani jagoran 'yan Rasta, Mortimer Planno, ya hau matakala ya lallashi jama'a suka buɗe hanya. Ya karrama su, ya gana da dattawansu. Amma a shekarar da ta biyo, a wata hira da gidan rediyon Kanada, ya faɗa ƙarara cewa ya gaya musu shi mutum ne, zai mutu, wasu za su gaje shi, kada su yi kuskuren ɗaukar ɗan Adam a matsayin abin bauta. Abin da ya tura musu shi ne limamin coci, Abuna Yesehaq, don ya koya musu Kiristancin Habasha. Wannan limamin ne ya yi wa mawaƙi Bob Marley baftisma a 1980, watanni kaɗan kafin rasuwarsa.

Mulkinsa kuma yana da tabo, kuma masu sayar da riguna da hotuna ba sa ambatawa. Bauta ta ci gaba a Habasha har sai da ya haramta ta da doka a 1942. Manoma, musamman a kudu, suna noma wa masu ƙasa suna miƙa kaso mai yawa na amfanin gona. A 1962 ya rusa tarayyar da ke tsakaninsu da Eritiriya, abin da ya rura yaƙin shekara talatin. Tsarin mulkinsa na 1955 ya sa cocin Orthodox ne addinin gwamnati. Musulmi, duk da yawansu, ko ranakun Sallah ba a ba su hutu a hukumance, manyan muƙamai kuma sai ɗaiɗaiku, har suka yi gagarumar zanga-zanga a Addis Ababa a watan Afrilun 1974 suna neman daidaito. Yunwar Wollo ta 1973 ta kashe dubun-dubatar mutane jami'ai suna ɓoyewa. Garvey da kansa ya caccake shi a 1937 don ya bar ƙasa lokacin yaƙi. Soja suka tuɓe shi ranar 12 ga Satumba 1974, ya mutu a tsare a watan Agustan 1975. Muna gaya miki wannan ne don ki san cewa mutum ne mai alheri da kuskure irin na masu mulki. Kada ki tare yaron da shi a zaman farko kamar mai neman kunyata shi. Matashi in aka kushe gwarzonsa gaba da gaba, ƙara riƙe shi yake yi.

Ga yadda muke ganin za a bi. Zaman farko kada a yi shi da babansa, kada kuma a yi a gaban ƙannensa. Ke da shi, ko kuma wani kawunsa ko baffansa da yake sakin jiki da shi. A bari ya kwana biyu da dawowa, ya ci ya huta. Ki fara da abin da yake da gaskiya a kai. Ki ce masa kin ji labarin Adwa, kin ji ɗan Sarkin Ingila ya je naɗin, ya ba ki sauran. Ki bar shi ya yi ta zuba ba katsewa, ko da zai kai rabin awa. Daga nan sai ki yi masa tambaya guda, cikin sanyin murya: "To shi wannan sarkin, mene ne shi a wurinka?"

In ya ce gwarzo ne na Afirka, kamar su Nkrumah da Mandela da Sankara, to Hajiya ki gode wa Allah, babu maganar barin addini. Yawancin samarinmu da ke sa waɗannan launuka a nan suka tsaya, kiɗan rege da kishin baƙar fata ne suka ja su. Abin da yake bukata shi ne a faɗaɗa masa karatu. In ya fara kame-kame, yana cewa ai duk addinai ɗaya ne, ko yana kiran Jah, sunan da 'yan Rasta ke kiran abin bautarsu da shi, a inda ya saba kiran Allah, to yana tsakiyar hanya, yana maimaita abin da ya ji a waƙa ne bai auna ba. Nan ne maganar da sarkin ya yi da bakinsa a 1967 za ta yi aiki. Ki ce ya nemo hirar da kansa a intanet ya karanta miki, domin abin da ya gano da hannunsa ya fi zama masa a rai. In kuwa ya fito fili ya ce ya yarda mutumin Allah ne ko wani ɓangare na Allah, wannan ya ci karo da kalmar shahada, babu kwana-kwana. Ko a nan ma ba ke ko maƙwabta ne za ku yanke masa hukunci ba. A nemi malami mai haƙuri, wanda ya saba da ɗaliban jami'a, wanda zai zauna da shi sau da yawa ba sau ɗaya ba. Malamin da zai fara da kiran sa kafiri ya rufe ƙofar tun kafin a shiga. Yana da kyau a sani cewa su kansu 'yan Rasta ba bakinsu ɗaya ba, ƙungiya-ƙungiya suke: 'yan Nyahbinghi suna riƙe da allantakar sarkin, 'yan Bobo Ashanti suna haɗa shi da wanda ya kafa ƙungiyarsu da Garvey, da yawa daga 'yan Ƙabilu Goma Sha Biyu kuma Annabi Isa suke bauta wa irin na Kirista, suna ganin sarkin a matsayin magajin gadon Dawuda.

Kuma yaron da ke son Habasha ba sai ya je Jamaika ya aro dalili ba. A shekara ta biyar da aiko Manzon Allah (SAW), da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, Habasha ya tura sahabbansa, ya ce a can akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Sayyidina Usman da Nana Ruƙayya suna cikin ayarin farko. Da Ƙuraishawa suka aika da kyaututtuka a maido su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a fada, Najjashi ya yi kuka, ya ƙi miƙa su. Da ya rasu Annabi ya yi masa sallar gawa daga Madina. Bilal, ladanin farko, tsatson Habasha ne. Wannan ya girmi naɗin 1930 da shekara sama da 1,300. Mai yiwuwa an koya wa ɗanki wannan a Islamiyya a matsayin darasin sira kawai, ba wanda ya taɓa nuna masa cewa tarihin Afirka ne.

Batun suma kuwa, ga dalilin da ya sa muka ce a dakata. A Jamaika, abin da 'yan sanda suka fi yi wa 'yan Rasta don wulaƙanci shi ne su kama su su aske su da ƙarfi. An yi haka ga mutane da yawa bayan rikicin da aka yi a yankin Coral Gardens a 1963, har gwamnatin ƙasar ta nemi gafara a 2017. Duk wanda ya shiga wannan harka ya san labarin. Ranar da aka danne ɗanki aka sa masa aska, an tabbatar masa da duk abin da abokansa suke faɗa, cewa masu iko ba su da hujja sai ƙarfi, kuma mahaifinsa ya shiga sahunsu. Sumar za ta sake tsirowa a makaranta inda ba kwa gani, shi kuma ya daina gaya muku komai. Tara suma a kan kansa ba haramun ba ne, Annabi (SAW) ya bar gashi har kafaɗa, ya kuma ce mai gashi ya girmama shi. Abin da za a tsaya a kai shi ne tsafta, da tabbatar da ruwa yana kaiwa fatar kai a wankan janaba, abin da ke wuya in gashin ya dunƙule ya yi kauri. A kuma gaya masa gaskiyar ƙasar nan: saurayi mai irin wannan kai shi ake fara saukewa a shingen bincike, kuma zai sha tambaya wurin neman aiki da neman aure. Ita kanta murɗaɗɗiyar sumar ba daga Sarkin Habasha ta zo ba. Su Howell ba su tara ta ba, sai wajen ƙarshen shekarun 1940 wasu matasan 'yan Rasta suka fara. Ɗanki ya dubi hoton da ke bangonsa, zai ga sarkin a gyare yake tsaf. In an samu fahimta, sau da yawa yaro da kansa yake zuwa wurin mai aski bayan wata ɗaya ko biyu, musamman in babansa ya nema da lalama a matsayin alfarma.

Wiwi ne abin da ba za a yi wasa da shi ba, amma kada a yi hukunci da maganar maƙwabta. Ki lura da kanki: jan ido da yawan ɗiga maganin ido, wari a tufafi da ake rufewa da turare mai ƙarfi, takardar naɗi ko ashana a aljihun wanda ba ya girki, cin abinci fiye da kima da dare, barcin rana, kuɗin makaranta da ke ƙarewa da wuri, da faɗuwar sakamakon jarrabawa. Na ƙarshen nan ya fi saura nuna gaskiya, don haka ki ce ya nuna miki sakamakon zangon nan da na bara. Alama ɗaya ba hujja ba ce. In uku ko huɗu suka taru, ki tambaye shi kai tsaye, ki kuma nemi ya yarda a yi gwajin fitsari a asibiti. Gwajin yana kama mai sha jefi-jefi cikin kwana uku zuwa mako guda, mai sha kullum kuwa har wata guda. Kada a yi masa a ɓoye ko da yaudara. In ya kawo hujjar cewa ibada ce a wurin 'yan Rasta, ki gaya masa ganyen ma 'yan ƙwadago daga Indiya ne suka kai shi Jamaika bayan 1845, a Habasha haramun ne a doka, a Nijeriya kuma laifi ne da hukumar NDLEA ke kai mutum kotu a kai a ɗaure shi. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 20 ba ta gama ƙosawa ba, kuma sha da yawa a wannan shekaru yana ƙara haɗarin taɓin hankali, balle in akwai mai irin wannan ciwo a dangi. In kika ga ya daina barci kwana da kwanaki, yana magana shi kaɗai, ko yana zargin ana bin sa, kada a jira, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa nan Kaduna. Duk wanda ya ba ku shawarar gidan mari, ku ƙi. Kin dai ga halin da aka samu ɗaruruwan mutane a ciki, da sarƙa a ƙafa da tabon duka, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019.

Taron 2 ga Nuwamba kuma, kada ki hana kafin ki tambaya: a ina za a yi, su wa za su je, da rana ne ko kwana za a yi, me ake yi a wurin? In lacca ce ko muhawara ta ɗalibai a harabar makaranta, ki bar shi, ki ma ce ya zo ya ba ki labarin abin da aka tattauna. In kwanan kiɗa ne a bayan gari da hayaƙi, ki ce a'a, ki faɗi dalili, ki tsaya a kai. Sallar da ta yi rauni kuwa a bi ta daban, kada a ɗaura ta da hoton bango. Babansa ya riƙa tashinsa su tafi Asuba tare ba tare da gori ba, ya kuma ja bakinsa daga maganar suma a hanyar masallaci, ko da na mako biyun farko ne.